Sayen Mota Ta Hannu Mai Sauƙin Kuɗi Da Ƙarancin Shan Mai: Tambayoyi Da Amsoshi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, tambayar farko a bakin mai neman mota ta sauya. A da launi ake tambaya, da kujerun fata, da sanyin esi. Yanzu kafin a buɗe ƙofa ma sai ka ji an ce, "Yaya shan manta?" Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa da abokan arziki suka fi yi mini idan sun tara ɗan abin da Allah ya hore suna son sayen mota, da amsar da nake ba su.

Wace mota ce ba ta shan mai?

Babu motar da sunanta kaɗai zai hana ta shan mai. Abu uku ne ke yanke hukunci: girman inji, nauyin mota, da lafiyar injin. Na ukun nan shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi cinye kuɗi.

Game da girma, ka nemi mai fulogi huɗu, wadda injinta bai wuce 1.8 ba. Daga 1.3 zuwa 1.8 nan ne mai ƙaramin ƙarfi zai samu sauƙi. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8, a takarda tana yin kimanin kilomita 11 da lita ɗaya a cikin gari, kimanin 15 a doguwar hanya. Mai fulogi shida kuwa da wuya ta ba ka fiye da 8 a cikin gari. To amma wannan lissafin na mota mai lafiya ne. Corolla ɗin da aka lalata wa inji a gareji-gareji tana iya shan mai kamar jif. Don haka idan dillali ya ce maka "ai Corolla ce, ba ta shan komai," ya faɗi rabin magana ne. Sauran rabin yana ƙarƙashin bonet.

Bambancin yana da yawa har da zan damu da shi?

Mu yi lissafi. A ce kana yin kilomita 40 a rana, kai yara makaranta, zuwa wurin aiki, ɗan leƙa kasuwa, gaishe da iyaye. A wata, idan aka cire ranakun hutu, ka yi kusan kilomita 1,000. Motar da ke yin kilomita 11 da lita za ta sha lita 91. Wadda ke yin 7 za ta sha lita 143. Bambancin lita 52 ke nan kowane wata. Idan muka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 52,000 ce a wata, fiye da 600,000 a shekara. Kuɗin makarantar yara ne wannan, ko hatsin da zai ciyar da gida watanni. Shi ya sa babbar motar da aka yi maka ragi mai yawa a kanta ba lallai ta zama mai araha ba. Mai ita ya san dalilin da ya sa yake neman rabuwa da ita.

'Yar Kwatano zan saya ko ta hannu ta gida?

Sunan "'yar Kwatano" ya samo asali ne daga lokacin da akasarin motocin da ke shigowa Arewa ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke biyowa. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashoshin ruwan Najeriya. Sunan dai ya zauna a baki, kamar yadda ake cewa "Balgiyam" ko "tokumbo" ga duk motar da aka yi amfani da ita a waje ba a taɓa hawanta a nan ba, ko da daga Amurka ko Kanada ta fito.

Amfanin ta waje shi ne hannun bakanikenmu bai taɓa ta ba, ta sha mai da baƙin mai masu kyau, ta bi titi mai santsi. Matsalarta tsada. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma da farashin dala ake lissafa kuɗin fiton kwastan. Sai farashin tokumbo ya ninka, ta fi ƙarfin ma'aikaci.

Ta gida ta fi sauƙi, kuma akwai nagartattu a ciki. Wadda na fi so ita ce wadda mutum ɗaya ya saya tokumbo, ya hau shekara uku ko huɗu, kana iya ganinsa ido da ido, kana iya zuwa wurin bakanikensa ka yi tambaya. Wadda nake gudu ita ce wadda ta zaga hannu biyar, ko wadda aka yi haya da ita aka sake mata fenti. Ka kuma sani akwai masu wanke ta gida tas, su cire lamba, su manna takardun waje a gilashi su ce yanzu aka sauke ta. Dubi wurin da ake ɗaura lamba, dubi gefen gilashin gaba ko akwai sawun takardar da aka ɓamɓare, dubi ƙusoshin inji ko sun sha sifana.

Kowa Corolla yake ce mini. Dole sai ita?

Ba dole ba ne, amma akwai dalili. Injin ta 2003 zuwa 2008 sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel ɗin taimin, yana da haƙuri, kowane bakanike ya san shi, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Apo a Abuja. Idan ta tsaya maka a wani ƙauye tsakanin Gusau da Talata Mafara, za ka samu wanda zai tayar da ita. Ranar da ka so sayarwa kuma ba ta kwana. Illarta ɗaya: sunan nan nata ya sa tana da tsada fiye da shekarunta, kuma ɓarayi ma suna son ta saboda kayanta na da kasuwa.

Ga waɗanda za ka iya dubawa tare da ita. Pontiac Vibe da Toyota Matrix 'yan gida ɗaya ne da Corolla. Vibe a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Kalifoniya aka ƙera ta, kuma mai 1.8 injin Corolla ne a cikinta. Tana da faɗin baya, ta dace da mai iyali ko mai ɗan ɗaukar kaya. Ka lura dai, a cikin na 2009 da 2010 akwai masu inji 2.4, akwai kuma masu jan taya huɗu, waɗannan sun fi shan mai. Toyota Yaris, mai 1.3 ko 1.5, ta fi Corolla tsimin mai, sai dai ƙarama ce kuma ba ta son lodi. Honda Civic ta 2006 zuwa 2011 tana da tsimi sosai da daɗin tuƙi, amma ƙasa-ƙasa take, ba ta jituwa da lungun da ruwa ya zaizaye, kuma wasu daga cikin na 2006 zuwa farkon 2009 an san su da tsagewar jikin inji, don haka a duba ko tana zubar da ruwa. Kia Rio da Hyundai Accent da Elantra sun fi Toyota sauƙin farashi a shekara ɗaya, kuma ba su da laifi idan aka samu mai lafiya.

Sai na Turai. Golf 3 ta yi wa direbobin haya na Arewa hidima shekara da shekaru, manuwal ɗinta ba ta shan mai, amma yawancin waɗanda suka rage sun gaji. Fijo kuwa tamu ce, tun da kamfanin PAN ya fara haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma 406 mai fulogi huɗu har gobe tana da masoya saboda kwanciyarta a titi. Ita da 206 da Golf duk bel ɗin taimin suke amfani da shi. Wanda ya sayi ɗayansu ya canja bel ɗin nan take, kada ya jira, domin a yawancinsu idan ya tsinke cikin tafiya yana tafiya da bawul.

Ni Camry ko Accord nake sha'awa. In haƙura?

Idan kana yawan doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, mai fulogi huɗu a cikinsu ba ta da laifi. A cunkoson cikin gari ne nauyinsu ke bayyana a aljihu. Ka kiyaye abu uku. Camry 2.4 ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, da yawa daga cikinsu suna shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin. Accord ta 2003 da 2004 mai fulogi shida, a cikin waɗanda ake kira EOD, giyarta ta otomatik ta yi ƙaurin suna. Kuma tsofaffin Honda suna "cire ƙafa" idan aka bar boljoyin ɗin ƙasa ya mutu ba a canja ba, ko aka sa jabu. Duk wanda ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi, taya ta karkace, ya san abin da nake nufi.

Manuwal ko otomatik?

A tsofaffin motoci manuwal ta ɗan fi tsimi, kuma gyaranta kuloci ne, ba ya kai kuɗin giyar otomatik. Idan ba ka gajiya da taka kuloci a cunkoso, ka ɗauke ta, sau da yawa ma ta fi araha. Idan otomatik ce, ka tambayi irin giyar. Wadda ake kira CVT, da ke cikin Nissan da yawa da Corolla daga 2014, tana da man giyarta na musamman, kuma zuba mata wani daban yana kashe ta.

Mitar kilomita ta nuna kaɗan. In yarda?

A'a, sai ka samu shaida. Mayar da mita baya aikin 'yan mintoci ne. Motar da ta shekara 15 ba ta rasa yin kilomita 200,000 ko fiye. Idan ka ga 60,000, dubi robar birki da ta totur, dubi sitiyari ko ya yi sulɓi, dubi gefen kujerar direba. Waɗannan ba sa ƙarya. Ka tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 120,000 da ka gani kusan kilomita 190,000 ce. Yawan kilomita ba aibi ba ne idan an kula da juye. Ɓoye shi ne aibin, domin wanda ya yi maka ƙarya a mita zai yi a wani wuri.

Me zan duba ranar da na je ganin mota?

Da farko ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba. Ka je da safe, da hasken rana, ka kuma roƙa kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan bonet. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, wahalar tashi, hayaƙin farko, duk a lokacin ake jin su.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dukkan fitilun dashbod ya kamata su kama, har da ta cek-injin, da ta ABS, da ta jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, to an cire ƙwanta ko an rufe ta don a ɓoye matsala. A sa na'urar sikanin a karanta abin da kwamfutar motar ta ajiye. Kuɗin sikanin kaɗan ne, kuma wanda ya hana ka sa na'ura a motarsa ya riga ya ba ka amsa.

Sai hayaƙi. Ka sa wani ya taka totur kai kana tsaye a baya. Shuɗi-shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Baƙi na nufin fetur na zuba fiye da kima, wato dai shan man da kake gudu. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa na shiga inji, gasket ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai: idan ka ga wani abu kamar kindirmo ya manne, ruwa ya haɗu da mai. Idan ka ga baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, an daɗe ana wasa da juye. Zaro sandar awon mai ka shafa a yatsa. Wasu na zuba mai mai kauri sosai don ya danne ƙara da hayaƙi har a gama ciniki. Leƙa lagireto tun inji na sanyi, ka ga ko ruwan mai launi ne ko ruwan rijiya da tsatsa. Man giyar otomatik bai kamata ya yi baƙi ko warin ƙuna ba.

Daga nan ku hau titi, kuma ba zagayen layi ɗaya ba. Ku yi aƙalla minti 30, esi a kunne, rediyo a kashe. Ku shiga cunkoso ku ga ko allurar zafi za ta tashi. Ku fita babban titi ku ga yadda giya ke shiga, ko tana fizga, ko tana jinkiri. Ka sassauta riƙon sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen titi ka ga ko tana ja gefe. Ku bi hanya mai gargada ku saurari ƙafafu. Idan kun dawo, a bar ta a kunne minti goma sannan a matsar da ita a dubi ƙasa ko ta ɗiga wani abu.

Ka ce bakanike na iya sa mota shan mai. Ta yaya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan mutanenmu suka fi asara ba su sani ba.

Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan inji da ake kira tamostat. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. Ya zama al'ada a garejinmu da zarar mota ta iso a cire shi, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, a ce wai na ƙasar sanyi ne, nan zafi gare mu. Wannan kuskure ne. Kwamfutar mota idan ta ga inji bai ɗumama ba, sai ta ɗauka yanzu aka tayar da shi, ta ci gaba da ƙara fetur. Da safiyar hunturu a Jos ko Zariya, irin wannan motar sai ta yi tafiya mai nisa ba ta kai zafinta ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, inji ya tsufa da wuri. Idan mota na zafi, dalilin yana wani wuri: toshewar lagireto, mutuwar famfon ruwa, lalacewar fanka ko murfi. Shi za a gyara.

Na biyu shi ne abin da ake kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. A cikinsa akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa yake da kasuwa, shi ya sa ake cire shi tun a hanya ko a gareji, a mayar da fanko. Sau da yawa wurin cire shi ake lalata sansar iskar da ke kusa da shi, wadda ke gaya wa kwamfuta yawan fetur ɗin da za ta saki. Sansar gaba idan ta mutu, shan mai ya tashi. A sa motar a rami a duba salansa: sabuwar walda a tsakiyarsa alama ce.

Motar da na fara saya da gumina duka biyun aka yi mata. Wata shida ina zuba mai ina mamaki, ina ganin ko gidajen mai ne ke tauye mini mudu. Sai da wani dattijon bakanike ya ɗaga bonet, ya ji fanka na gudu inji na sanyi, ya ce, "Ɗana, ba motar ce ke da laifi ba." Ya mayar da tamostat, ya gyara wayar fanka, ya canja sansa da fulogi. Tankin da ke yi mini kwana biyar ya koma yin mako guda. Har yau ina yi masa addu'a.

Yaya zan gane motar da ta yi hatsari ko ruwa ya ci?

Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora na Amurka ke sayarwa ake sayo su, a wuraren gwanjo irin su Copart da IAAI. Ba duka ne marasa kyau ba. Wadda aka buga wa bamba ko ƙofa aka gyara da kyau ba ta da matsala, matuƙar an gaya maka kuma farashin ya nuna haka. Wadda za ka guje wa ita ce wadda bugun ya kai ga shasi, da wadda jakunkunan iskarta suka fashe aka liƙe wurin ba komai a ciki.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Sa ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito. Ana kuma iya sayen rahoton tarihinta daga Carfax idan daga Amurka ko Kanada take. Da ido kuma, dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet ko daidai take a ɓangarorin biyu. Bi jikin da ɗan mayen ƙarfe, inda aka cika da foti ba zai kama ba.

Ta ambaliya ta fi ta hatsari sharri, domin cutarta a wayoyi take, kuma a hankali take fitowa: yau gilashi, gobe giya, jibi kwamfuta. Ɗaga kafet, shinshina, dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai sawun laka, ɗaga safaya ka dubi raminta. Yanzu ba daga waje kaɗai suke zuwa ba. Bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 motoci da yawa sun kwana cikin ruwa, don haka ta gida ma a yi mata wannan binciken.

Waɗanne takardu ne dole in gani?

Takardun kwastan su ne kan gaba, ko da motar ta shekara goma a ƙasar nan. Ka kai lambar shasi da takardar biyan kuɗin fito ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya. Jami'an sintiri na shiyyar B, masu hedikwata a Kaduna, suna tsayar da motoci a hanyoyin Arewa, kuma ba sa karɓar uzurin "haka na saye ta." Sai takardar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023. Lambar shasi da ke jikin mota ta zama ɗaya da ta kowace takarda, harafi da harafi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin da ake tantance lambar mota a intanet.

Idan sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, a kawo takardun cinikin da suka haɗa su, ko a kira mai sunan. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, da hoton katin shaidar mai sayarwa, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa. Sannan ka yi canjin mallaka ba tare da jinkiri ba. Kada ka sayi mai sitiyari a dama, doka ba ta yarda da ita ba, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Wadda aka juya wa sitiyari ma ka bar ta.

Dillali fa? Yaya zan yi ciniki?

Dillanci sana'a ce ta halal, kuma dillalin kirki yana rage maka wahala. Ku yanke la'adarsa tun farko, a fili, ka kuma nemi ganin mai motar, domin wani lokaci dillali uku ne a tsakaninku, kowa ya ɗora nasa. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da ka gani a Facebook ko Jiji kawai ba ka taɓa ta ba, musamman masu cewa gwanjon kwastan ne a rabin farashi. Ka ga mota uku ko huɗu irin wadda kake so kafin ka taya ko ɗaya. Duk abin da bakanike ya gano, a yi masa kuɗi a cire daga farashi. Idan aka ce maka "wani na hanya da kuɗi," ka ce Allah ya sa rabonsa ce. Gaggawa aikin shaiɗan, kuma motoci ba su ƙare ba. Ka tambayi mai sayarwa kai-tsaye, a gaban shaidu, ko akwai aibin da ya sani. A shari'a ɓoye aibi ha'inci ne, kuma mutane da yawa idan aka haɗa su da Allah suna faɗa.

Duk kuɗina zan zuba a motar?

Kada ka yi. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa biyu cikin goma na abin da ke hannunka. A makon farko za ka yi juye, ka canja matatar mai da ta iska, da fulogi, watakila batir, da takardu. Tayoyi ma kusan kullum sai an canja. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya a kan kwaltar watan Afrilu ba abin wasa ba ce, ko da zanenta bai goge ba.

Ni mace ce, kai yara makaranta da zuwa aiki kawai zan yi. Me ya dace da ni?

Hajiya, Yaris ko Corolla ko Rio otomatik sun ishe ki. Gajeruwar tafiya ita ta fi cin mai a kowace kilomita, saboda inji bai gama ɗumama ba an iso, don haka ƙaramin inji ne alherinki. Ki je da wanda kika amince da shi da bakanike, amma ke ma ki zauna ki tuƙa ta, ki ga ko kina ganin gaba da baya sosai. Takardu kuma a yi su da sunanki.

Mai haɗin lantarki da fetur, ko mai gas, ba su fi ba?

Toyota Prius ta 2004 zuwa 2009 tana iya yin kusan kilomita 19 da lita, kuma a cunkoso ta fi nuna bajinta. Amma babban batirinta yana tsufa, zafi na gajiyar da shi, ƙurar hunturu kuma na toshe fankar da ke sanyaya shi. Canja shi kuɗi ne mai yawa. Idan a garinku akwai wanda ya ƙware a kanta kuma an auna lafiyar batirin kafin ciniki, bismilla. Idan babu, Corolla ta fi maka kwanciyar hankali.

Gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, ya fi fetur araha, kuma gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci kansa a 2023. Tambayar ita ce ko akwai wurin sayensa kusa da kai, domin gidajensa sun fi yawa a Abuja da Kudu. Tukunyar tana cinye rabin but. Kuma a wurin da aka amince da shi kaɗai za a sa, da tukunya ta asali. A watan Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar haɗin gida ta tarwatse a wurin shan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata.

Zan iya saye da bashi ba tare da kuɗin ruwa ba?

Bankuna irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ, suna yin murabaha: su sayi motar su sayar maka da ribar ciniki da aka yanke, ka biya kaɗan-kaɗan. Ƙungiyoyin adashen ma'aikata ma suna yi. Ka haɗa biyan wata da kuɗin mai da na gyara ka ga ko albashi zai ɗauka.

Na saya. Yaya zan san ainihin abin da take sha?

Kada ka dogara da allura, kada kuma ka auna da "na sa na dubu goma ya yi mini kwana uku." Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifiri. Yi harkokinka kamar kullum. Bayan kwanaki ka koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Idan ka yi kilomita 300 ta ɗauki lita 30, tana yin 10 ke nan. Ka maimaita sau biyu ko uku, ka rubuta a ɗan littafi ka ajiye a mota.

Idan ƙaramar mota mai fulogi huɗu ta ba ka ƙasa da 8 a cikin gari, akwai abin da ke damunta. Fara da masu sauƙi. Iskar taya ta zama daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35, ba 50 da wasu masu faci ke bugawa ba. Matatar iska a lokacin hunturu a riƙa duba ta duk wata. A sauke tarkacen da ke but. A daina barin inji na aiki minti goma da safe da sunan ɗumamawa, minti ɗaya ya isa, sauran a kan hanya a hankali. Idan duk an yi wannan lissafin bai gyaru ba, a sa na'ura a duba sansar iska, da tamostat, da nozul, a kuma ɗaga kowace taya a juya ta da hannu a ga ko birki na riƙe ta.